Tsuntsayen Ƙasarmu a Jikin Kan Sarki: Tarihinsu, Zanensu da Abin da Suke Tunatar da Manoma

Gabatarwa

Kamar yadda jama'a suka sani, kafin zuwan wayar salula babu hanyar da mutumin karkara yake isar da saƙo ga ɗan'uwansa da ke ci-rani a Kurmi, ko ɗansa da ke barikin soja ko makarantar kwana, in ba wasiƙa ba. Duk wasiƙar da za ta bar gidan wayar Funtuwa ko na Malumfashi kuwa, sai an manna mata 'yar takardar nan mai haƙora a gefe wadda Bahaushe ya raɗa wa suna kan sarki. Da yawa daga cikinmu mun sha jiƙa bayanta mu manna a ambulan, ba tare da mun tsaya mun dubi hoton da ke jikinta ba.

A wannan bayani za mu duba kashi ɗaya na waɗannan hotuna, wato na tsuntsaye, domin da yawansu tsuntsayen gonakinmu da fadamunmu ne, waɗanda manomin Bakori ko Ƙafur ya fi wanda ya zana su sanin halinsu. Za mu kawo tarihin yadda suka hau kan sarki da yadda ake zana su, sannan mu bayyana dalilin da ya sa batun ya shafi manoma da shugabannin al'umma. Dalilin kuwa shi ne, wasu daga cikin tsuntsayen da ƙasar nan ta yi alfahari da su shekaru 60 da suka wuce, hotonsu yana nan a cikin tsofaffin akwatunanmu, amma su kansu sun yi wuyar gani a dajinmu.

Asalin kan sarki da yadda ya samu sunansa

A ƙasar Ingila aka fara yin kan sarki. Kafin shekarar 1840, galibi wanda aka aika wa wasiƙa shi ne yake biyan kuɗin ɗaukarta, kuma kuɗin yana ƙaruwa gwargwadon nisan tafiya da yawan takardu, abin da ya sa talakawa sukan ƙi karɓar wasiƙa saboda tsada. Wani malamin makaranta mai suna Rowland Hill ya ba da shawarar mai aikawa ya riƙa biya tun farko, a kan farashi ɗaya mai sauƙi, a kuma manna wata 'yar takarda a matsayin shaidar biya. An fara aiki da ita ranar 6 ga watan Mayu na 1840. Baƙa ce, kuɗinta kwabo ɗaya, tana ɗauke da hoton kan Sarauniya Victoria. Da almakashi ake yanke ta daga cikin babban falle, sai a 1854 aka fara huda layukan da ke sa a iya yage kowace ɗaya da hannu. A 1874 ƙasashe suka kafa Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya a birnin Bern na ƙasar Suwizalan, domin kan sarkin wata ƙasa ya isar da wasiƙa har cikin wata ƙasar.

A ƙasar nan, Legas ce ta fara samun nata a 1874. Arewacin Nijeriya ta samu nata a 1900, sannan bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914 aka fito da wanda ke ɗauke da sunan Nijeriya kaɗai. Lokacin da Turawa suka shigo Katsina a 1903, kan Sarki Edward na Bakwai ne a jikin takardar. Bayansa aka sa Sarki George na Biyar, aka kuma sa George na Shida wanda ya rasu a 1952. Ke nan kusan shekara 50 mutanenmu suka yi suna ganin kan wani sarki a kusurwar ambulan, don haka suka kira abin da sunan abin da suka gani.

A yankinmu, harkar wasiƙa ta bunƙasa ne tare da auduga da jirgin ƙasa. A ƙarshen shekarun 1920 layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya wuce Gusau da Ƙaura Namoda. Injinan gurzar auduga da kamfanonin sayen amfanin gona suka jawo akawuna da 'yan kasuwa da leburori daga sassa daban-daban, kowannensu kuma yana da gida da yake rubuta wa wasiƙa ko ya aika wa kuɗi. A 1936 aka fito da jerin kan sarki mai hotunan arzikin ƙasa a gefen kan Sarki George na Biyar, kuma na kwabo huɗu a cikinsu hoton injin gurzar auduga ne, na sule ɗaya kuma shanun Fulani.

Yadda tsuntsaye suka hau kan sarki a duniya

Shekara 5 kacal bayan na Ingila, a 1845, birnin Basel na Suwizalan ya buga kan sarki mai hoton farar kurciya riƙe da wasiƙa a baki. Wani mai zanen gine-gine, Melchior Berri, shi ya tsara shi, kuma shi ne na farko a duniya da aka buga da launi uku. A 1854 yankin Yammacin Ostareliya ya sa hoton wani baƙin tsuntsun ruwa mai dogon wuya, dangin dinya, wanda shi ne tambarin yankin. Japan ta fito da nata jerin tsuntsaye a 1875. Gwatemala kuma ta sa tsuntsunta mai doguwar wutsiya, ketsal, a 1879, wanda daga baya ma sunansa aka sa wa kuɗin ƙasar.

Akwai dalilan da suka sa hukumomin gidan waya suke son tsuntsu. Na farko, kowace ƙasa tana da nata, kamar yadda Hausawa suke cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, saboda haka hotonsa yana gaya wa baƙo inda wasiƙa ta fito. Na biyu, launinsa yana fita sosai a ƙaramin wuri. Na uku, tsuntsu ba shi da jam'iyya ko ƙabila, ba wanda zai ce an fifita wani ɓangare a kan wani. Na huɗu, akwai dubban mutane a duniya da sha'awarsu ita ce tara kan sarki mai hoton tsuntsaye, suna saye su adana ba tare da sun aika wasiƙa ba, wannan kuwa kuɗin shiga ne ga hukuma. Shi ya sa ƙasashen Afirka da dama suka rungumi tsuntsaye a lokacin samun 'yancin kai. Maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar ta sa gauraka da jimina a jerin da ta fara fitarwa a 1959, Gambiya ta yi jerin tsuntsaye zalla a 1963, Yuganda ma ta yi nata a 1965.

Jerin Nijeriya na 1961 da na 1965

Bayan samun mulkin kai a 1960, Nijeriya ta fito da sabon jerin kan sarki na yau da kullum a 1961, ba tare da kan wani sarki ko sarauniya ba. A cikinsa akwai gyaɗa, da ayarin raƙuma, da filin jirgin saman Kano. Na sule ɗaya kuma yana ɗauke da wani babban tsuntsun kurmi mai rawayar ƙahon baki, dangin cilakowa da burtu.

Jerin da ya fi shahara shi ne na namun daji da aka fara fitarwa a 1965 aka kammala a 1966, wanda wani Bafaranshe mai zane, Maurice Fievet, ya tsara. Guda 14 ne, daga na ɗari har zuwa na fam ɗaya, kuma 6 daga cikinsu tsuntsaye ne. Dattawan da suka yi amfani da tsohon kuɗi za su iya tuna su kamar haka:

Na ahu, wato kwabo da ɗari, yana ɗauke da sha-kauci, ɗan ƙaramin tsuntsun nan mai sheƙi da lanƙwasasshen baki wanda yake shan ruwan fure.

Na kwabo biyu yana ɗauke da marai, mai saƙa sheƙa ya rataye ta a reshen bishiya, tare da wani ɗan'uwansa mai jan kai na ƙasar kurmi.

Na sisi yana ɗauke da wani dogon tsuntsun bakin kogi, babban dangin shamuwa, mai baki ja da baƙi da wani rawayan tabo a samansa kamar sirdi.

Na nai, wato kwabo tara, yana ɗauke da aku mai ruwan toka da jar wutsiya.

Na sule ɗaya yana ɗauke da wani shuɗin tsuntsu mai kaifin baki daga dangin masu kamun kifi.

Na sule da taro kuma yana ɗauke da gauraka.

Sauran guda 8 sun haɗa da zaki, giwa, damisa, raƙumin dawa, dorina da ɓauna. An yi amfani da wannan jeri har zuwa lokacin da aka canja kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo ranar 1 ga Janairu na 1973. Saboda haka mafi yawan wasiƙun da sojoji suka aiko gida a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, in an manna masu kan sarki, daga wannan jeri ne.

Jerin 1984: tsuntsayen bayan gari

A 1984 an fito da wani jeri mai guda 4 wanda ya fi kowane kusa da manomin yankinmu. Na kwabo 10 zalaidu ne, na kwabo 25 zakaran ƙeƙuwa, na kwabo 30 mulufi, na kwabo 45 kuma fakara, wadda wasu ke kira makwarwa. Hukuma ta kira jerin da sunan tsuntsaye masu wuyar samu, amma duk wanda ya taɓa noma a Ɗanja ko Faskari ya san cewa a wancan lokaci ba sai an yi nisa da gari ake ganinsu ba.

Zalaidu shi ne ɗan tsuntsun nan mai baƙi da fari da jan baki, wanda namijinsa yake jan wutsiyar da ta ninka tsawon jikinsa. Macen ba ta yin sheƙa, a sheƙar wasu ƙananan tsuntsaye take zuba ƙwai su rene mata. Zakaran ƙeƙuwa a bakin tafki da madatsun ruwa yake zama, irin su Mairuwa da Gwaigwaye. A ƙasa yake yin ƙwai, yana da ƙaya a gwiwar fikafikinsa, kuma da zarar mutum ko dabba ta doshi sheƙarsa sai ya cika wuri da kururuwa. Mulufi da mulufin da ake yi wa doki ado sunansu ɗaya saboda ja, kuma a cikin dogayen ciyayi da gonakin dawa da na rake ake ganinsa. Fakara kuwa mafarauta sun fi kowa saninta, kuma namijinta yana da ƙaya biyu a kowace ƙafa.

Bayan wannan, aku ya sake fitowa a jerin namun daji na 1990. A jerin yau da kullum na 2001 kuma, na naira 10 wani dangin zalaidu ne mai faɗin wutsiya, na naira 15 kuma maƙwaƙƙwafin kurmi ne. A wannan lokaci harkar wasiƙa ta riga ta koma hannun hukumar NIPOST, wadda aka raba ta da sashen tarho a 1985.

Yadda ake zana tsuntsu a kan sarki

Kan sarki bai fi gaɓar babban yatsa girma ba, amma dole ya ɗauki abubuwa uku: sunan ƙasa, kuɗinsa, da hoto. Ingila ce kaɗai ba ta rubuta sunanta, saboda ita ta fara, sai dai ta sa inuwar kan mai sarauta a kusurwa. Mai zane yakan yi aikinsa a takarda mai girman da ya ninka kan sarkin sau da yawa, sannan a rage shi da na'ura. Wannan ragewa ita ce take tilasta masa barin duk abin da bai zama dole ba. Idan ya cika ganyaye da rassa a bayan tsuntsun, in aka rage sai komai ya cakuɗe. Saboda haka yakan zaɓi alama ɗaya da ake gane tsuntsun da ita, ya fito da ita fili, kamar tukkun gauraka, ko wutsiyar zalaidu, ko jar wutsiyar aku.

Akwai wani abu da manomi zai fi ɗan birni lura da shi. Mulufi da zalaidu ba kullum suke da kamar da aka zana su da ita ba. Namiji ne kaɗai yake yin wannan ado, shi ma a damina, lokacin neman mace da yin ƙwai. Da kaka ta wuce sai mulufi ya zubar da jan gashinsa, zalaidu ya zubar da doguwar wutsiyarsa, su koma ruwan ƙasa kamar gwara, har mutum ya ɗauka sun bar gari. Ke nan abin da ke jikin kan sarki shi ne namiji a cikin kayan daminarsa. Mai zane yakan kuma nemi taimakon masana tsuntsaye da hotuna da busassun tsuntsayen da ake adanawa a gidajen tarihi, domin kuskure ɗaya a launin baki ko ƙafa zai yaɗu a miliyoyin kwafi, ba kuma yadda za a janye shi daga hannun jama'a.

Wajen bugawa, hanyoyi uku aka fi amfani da su. Ta farko ita ce a sassaƙa zanen da hannu a jikin ƙarfe, irin yadda ake yi wa takardar kuɗi, wadda in ka shafa za ka ji tudun tawada. Ta biyu ita ce a ɗauki hoton zanen a mayar da shi ƙananan ramuka a jikin gangar jan ƙarfe, kowane launi da gangarsa, kuma da ita aka buga jerin 1965, shi ya sa launinsa ya yi kauri. Ta uku ita ce bugun faranti irin na littattafai, wadda ta fi sauƙin kuɗi kuma ta fi yawa a shekarun baya-bayan nan. Da farko a Turai ake buga wa Nijeriya kan sarki. Bayan kafa Kamfanin Buga Kuɗi da Muhimman Takardu na Nijeriya a 1963, aikin ya dawo Legas a ƙarshen shekarun 1960, aka kuma sake buga wasu daga cikin jerin 1965 a gida. Ana gane bugun gida ta ƙananan haruffan sunan kamfanin da ke can ƙasan takardar.

Gauraka: hoto yana nan, tsuntsu ya yi ƙaranci

A cikin duk waɗannan tsuntsaye, labarin gauraka ne ya fi buƙatar a tsaya a kansa. Tsayinsa ya kai kimanin mita ɗaya, yana da tukku mai ruwan zinariya, kuma shi ne aka fi sani da tsuntsun ƙasa na Nijeriya, duk da cewa jar mikiya ce a jikin tambarin ƙasa. A da garkunansa sun yawaita a fadamun Arewa. A damina yake yin sheƙa a cikin ciyawar da ruwa ya kwanta, ya yi ƙwai kaɗan, galibi 2 ko 3, yana cin fara da ƙwari da tsabar ciyawa.

Abubuwa uku ne suka haɗu a kansa. Na farko, fari na shekarun 1970 da 1980 ya busar da tafkuna da dama. Na biyu, noman rani da kiwo sun mamaye fadamun da yake ƙwai, ta yadda babu sauran lungun da ba a taka ba. Na uku, kamun da ake yi masa domin a sayar wa masu hali su ajiye a gida don ado, ko a sayar da sassan jikinsa. Gauraka da ke tsakar gida da wuya ya hayayyafa, don haka duk wanda aka kama an rage iri ke nan. Ƙidayar da masana suka yi a Afirka ta Yamma a wajajen 2000 ta nuna 'yan ƙalilan ne suka rage a dajin Nijeriya, kuma Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya ta sa shi cikin jerin waɗanda ke fuskantar barazana.

Aku ma haka abin yake. Ba tsuntsun ƙasar Hausa ba ne, daga kurmi ake kawo shi kasuwanninmu, kuma yawan kamun da ake yi masa ya sa a 2016 ƙasashen duniya suka amince a hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Ungulu, wadda a da ba a rasa ta a kowace mahauta, tun 2015 aka sa irin wadda muka saba gani a gari cikin jerin waɗanda suke gab da ƙarewa, saboda guba da cinikin sassan jikinta. Ya kamata jama'a su sani cewa akwai dokoki a kan wannan, tun daga Dokar Namun Daji ta Jihar Arewa ta 1963, zuwa Doka mai lamba 11 ta 1985 wadda ta taƙaita kamu da cinikin halittun da ke cikin haɗari, wadda aka yi wa gyara a 2016 aka ƙara yawan tara.

Mai ɓarna da mai amfani

Ba za mu ɓoye cewa manomi yana da ƙorafi na gaskiya a kan wasu tsuntsaye ba. Marai da mulufi, duk da kyan da suka yi a kan sarki, suna taɓa dawa da shinkafa da masara. Babban mai ɓarna kuwa shi ne jan baki, wanda masana suke ƙiyasta yawansa a Afirka da kimanin biliyan 1 da rabi. Kowane ɗaya yana iya cin kimanin giram 10 na hatsi a rana, ke nan garken da ya kai miliyan 2 zai iya cinye tan 20 a yini guda, wato buhu 200 mai kilo 100. Wanda ya yi asarar gonar shinkafa a dalilinsu ba zai ji daɗin a ce masa ya tausaya wa tsuntsu ba.

Abin da muke jawo hankali a kansa shi ne a bambanta. Shamuwa, wadda ba ta cikin jerin da muka ambata, tana zuwa ne gab da faɗuwar damina ta yi sheƙa a bishiyoyin gari, abincinta kuma fara da tsutsa ne, sannan ta koma gabashi da kudancin Afirka idan rani ya shigo. Balbela tana bin shanu da garma tana tsince fara. Mujiya ɓeraye take ci, waɗanda suke ɓarna a rumbu. Ungulu tana kawar da mushe kafin ya zama cuta. Idan aka zuba guba a hatsi ko a bakin ruwa domin maganin jan baki, ko aka sa wa mushe guba domin karnuka, waɗannan masu amfani suna cikin waɗanda za su mutu, haka ma kaji da zabi na gida. Feshin jan baki aiki ne na jami'an kula da ƙwarin amfanin gona, waɗanda suke gano makwancin garken su yi feshi a can, ba aikin da kowa zai yi da maganin da ya saya a kasuwa ba ne.

A wannan fanni akwai darasi daga Amurka. A 1934, bayan agwagin daji sun ragu ƙwarai saboda fari da busar da fadamu, gwamnatin ƙasar ta fito da wani kan sarki mai hoton agwagwa. Ba na wasiƙa ba ne, na lasisin farauta ne, wanda dole kowane baligin maharbin tsuntsayen ruwa ya saya duk shekara. Farashinsa dala 1 ne da farko, ya koma dala 25 a 2015. Kusan duk kuɗin ana sa shi ne wajen saye da kare fadamu, kuma ya tara fiye da dala biliyan 1, an kare fili kimanin eka miliyan 6. Darasin shi ne mafarauta da kansu suka biya kuɗin kare abin da suke farauta, domin sun gane cewa in ya ƙare sana'arsu ce ta ƙare.

Amfanin tsohon kan sarki ga jama'a da shugabanni

Muna shawartar masu tsofaffin wasiƙu da kada su ƙona su ko su bar wa gara. Ambulan da ke ɗauke da hatimin gidan wayar Funtuwa ko Malumfashi da kwanan wata, ya fi daraja idan aka bar shi yadda yake, ba a ɓamɓare kan sarkin ba, domin hatimin shi ne shaidar tarihi. A adana shi a busasshen wuri, nesa da rana da laima. Sai dai kada a sa ran samun dukiya, domin jerin yau da kullum miliyoyi aka buga, kuma mafi yawansu kuɗinsu kaɗan ne a wurin masu tarawa. A yi hattara da duk wanda ya nemi a ba shi kuɗi da alkawarin zai sayar da su a ƙasar waje.

Ga hakimai, dagatai, masu unguwanni da ma'aikatan filaye, akwai wani amfani na musamman. An daɗe ana manna kan sarki a jikin rasit da takardun cinikin gona ko gida, a sa hannu a kansa. Kada a kuskura a cire shi daga irin waɗannan takardu. Haka kuma yana iya taimakawa wajen tantance lokacin da aka rubuta takarda idan rikicin gado ko iyaka ya taso. Tsohon kwabo da harafin d ake rubuta shi, sabon kwabo kuma da harafin k. Idan aka kawo takardar da aka ce an rubuta ta a 1962, amma tana ɗauke da gauraka na 1965, ko aka ce ta 1970 ce amma kan sarkinta mulufi ne na kwabo 30 na 1984, to akwai tambayar da ya kamata a yi. Wannan kaɗai ba ya tabbatar da jabu, domin ana iya manna kan sarki daga baya, amma dalili ne na ƙarin bincike kafin a yanke magana.

Malaman makarantun firamare da sakandare kuma za su iya amfani da waɗannan hotuna wajen koyar da tarihi da kimiyya. Yaro ya kawo tsohon ambulan daga gida, a tambaye shi sunan tsuntsun da Hausa, inda yake zama da abin da yake ci, a kuma tura shi ya tambayi kakansa yaushe rabon da ya ga gauraka a fadamar garinsu. Ranar 9 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce Ranar Gidan Waya ta Duniya, kuma Asabar ta biyu ta watan Mayu da ta Oktoba su ne ranakun tunawa da tsuntsaye masu ƙaura. Waɗannan lokuta ne da suka dace da irin wannan darasi.

Kammalawa

Daga ƙarshe, muna kira ga manoman ƙananan hukumomin Funtuwa, Bakori, Ɗanja, Ɗandume, Sabuwa, Faskari, Ƙanƙara, Malumfashi da Ƙafur da su guji zuba guba a gona ko a bakin ruwa, su kai rahoton garken jan baki ga malamin gona mafi kusa tun kafin ɓarna ta yi yawa, su kuma bar ɗan yanki na ciyawa a gefen fadama da manyan bishiyoyin da shamuwa take sheƙa a kai. Muna kira ga sarakunan farauta da su hana kamun fakara da zabin daji a lokacin da suke kan ƙwai, da kuma cinna wa daji wuta. Muna kuma roƙon masu hali da su daina sayen gauraka da aku da aka kamo daga daji, domin mai saye shi ne yake tura mai kamu. Shugabannin ƙananan hukumomi da masu riƙe da sarautun gargajiya su ne suka fi kusa da jama'a, muna fatan za su isar da wannan saƙo a tarukan gari da ranakun kasuwa. Muna yi wa kowa fatan damina mai albarka.